Iskar da Ke Shiga Injin Babur ta Ɓarauniyar Hanya

Injin babur mai kafireto, irin su Bajaj Boxer, Jincheng da Haojue, yana aiki ne da haɗin iska da fetur bisa ma'auni: kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, idan aka auna da nauyi. Idan fistin ya yi ƙasa, sai ya zuƙo iska ta cikin maƙogwaron kafireto, ita kuma iskar ta jawo fetur daidai yawanta. Kafireto ba ya sanin kowace iska sai wadda ta ratsa ta cikinsa. Saboda haka duk wata kafa da ta buɗe tsakaninsa da kan silinda, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, za ta shigar da iskar da ba a ba ta rabonta na mai ba. Haɗin sai ya tsinke, iska ta rinjayi fetur. Wannan ne makanikai ke nufi idan suka ce inji yana jan iska.

Matsalar ta fi bayyana a sulo. A lokacin totur a rufe yake, zuƙar da ke bayan kafireto ta fi ƙarfi, man da ke shiga kuma ɗan kaɗan ne, don haka ko tsagar da ba ta kai silin gashi ba takan ɓata lissafi. Da an buɗe totur sosai, iskar da ke bin hanyarta ta gaskiya takan danne ta satar. Shi ya sa mai babur zai ce a kan titi lafiya lau yake gudu, amma da ya tsaya a danja sai ya mutu.

Alamar da ta fi kowace tona asirin wannan cuta ita ce jinkirin saukowar inji. A murɗa totur a saki: lafiyayyen inji nan take yake komawa sulo, mai jan iska kuwa sai ya rataye a sama na ɗan lokaci, sannan ya sauko a hankali, wani sa'in ya zarce ya mutu. Sulon kansa ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka. Da safe babur ba ya tashi sai da cok, kuma a mayar da cok ya mutu ko da ya yi ɗumi. Salansa takan yi tas-tas in an saki totur a gangara. Idan aka kwance fulogi, bakinsa fari ne fat ko toka-toka, maimakon ruwan ƙasa. Injin kuma yana zafi fiye da kima, wanda shi ne haɗarin gaske ga babur ɗin da iska kaɗai ke sanyaya shi, domin zafin kan cinye bawul, a inji mai shan baƙin mai haɗe da fetur har ya huda fistin.

A nan ne aka fi tafka kuskure a gareji. Da an ji waɗannan alamu sai a cire kafireto a wanke, a murɗa sukurun sulo, wani ma ya ƙwaƙule jet da waya don mai ya ƙaru. Babur ya ɗan lafa kwana biyu, shan mai ya ƙaru, tsagar kuwa tana nan tana faɗaɗa. Sukurun daidaita haɗi ma shaida ne ga mai lura. A yawancin ƙananan babura yana zama ne tsakanin juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi daga rufe. Idan ana juya shi ciki da waje inji bai ko sauya murya ba, mai yiwuwa akwai iskar da ke shiga ta wani wuri.

Bincike yana farawa da ido da hannu, inji a kashe. Robar da ta haɗa kafireto da kan silinda ita ce ta farko, domin zafin inji da fetur da shekaru suna busar da ita. Tsagarta takan ɓuya a ƙasa ko cikin lanƙwasa, sai an ɗan tanƙwara ta da yatsa take buɗe baki. Daga nan a duba kilif ɗin da ya ɗaure ta, da zoben roba ko gasket da ke tsakanin wuyan da kafireto ke maƙale a jikinsa da kan silinda. Wuyan da aka ɗaure da ƙarfin tsiya yakan kantare, ya bar kafa a tsakiya ko da kusoshin biyu sun ɗauru tam. Baburan da famfon mansu ke buɗewa da zuƙar inji suna da siririn tiyo da ke fitowa daga wuyan; shi ma yakan tsage a baki ko ya zame. Murfin saman kafireto, inda wayar totur ke shiga, a tabbatar ya zauna daidai.

Idan ido bai gani ba, sai a tayar da inji ya yi ɗumi, a bar shi a sulo. A kama kafireto a ɗan girgiza shi. Sauyin murya na nufin robar ko kilif. Sannan a fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kan mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, ana dakatawa tsakani. Inda ruwan ya toshe kafar na ɗan lokaci, ko inji ya zuƙe shi, murya za ta sauya. Maganin wanke kafireto na gwangwani ya fi ruwa nuna wurin, amma yana kama wuta, kuma salansa mai zafi da hular fulogi suna dab da wajen. Mai amfani da shi ya yi a fili, da siririn bututunsa, da yashi ko abin kashe gobara a kusa. Watsa fetur da wasu ke yi ganganci ne tsagwaronsa. A kuma kiyaye kada feshin ya bi ta iyakilina, wato matatar iska, domin inji zai amsa, a ɗora wa roba laifin da ba nata ba.

Akwai cututtukan da ke kama da wannan. Toshewar ƙaramin jet na sulo tana kawo kusan duk alamun, haka ma ƙarancin mai a kofin kafireto da bawul ɗin da ya matse. Bambancin shi ne waɗannan ba sa amsa feshi. A inji mai haɗa baƙin mai da fetur, sil ɗin ƙaranshaf na iya shigar da iska, kuma feshi a wuya ba zai nuna shi ba. Tsagar da ke gaban kafireto, ta ɓangaren iyakilina, ba ta cika ɓata sulo ba, amma ita ke shigar da ƙurar hunturu kai tsaye cikin silinda.

Robar da ta tsage canza ta ake yi. Gam da salatif da igiyar tsohon tub na iya kai mutum gida, amma fetur da zafi ba sa barin su su daɗe. Wuyan da ya kantare ana iya goge fuskarsa da sanfefa a kan gilashi har ta daidaita, a sa sabon zobe, a ɗaure kusoshin bi da bi ba tare da wuce kima ba. Bayan an toshe kafar, dole a mayar da sukurun sulo da na haɗi inda suke tun asali, in kuma an riga an ƙwaƙule jet, sai an sa sabo, domin wanda aka faɗaɗa ba ya komawa.