DARASIN LAFIYA: Taurin Bayan Gida da Basir, Ciwon da Ɗan Hanya Ke Ɓoyewa

'Yan uwa fataken shanu, da masu gida, da dillalai, da direbobi da yaran mota. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo ne da kusan kowa ya sani, amma ba mai son ambatonsa cikin mutane, wato taurin bayan gida da ɗan uwansa basir. Mutum zai gaya maka bijimi nawa ya faɗi masa a hanya, amma ba zai gaya maka yau kwana huɗu bai zaga ba. To, kunya ba ta magani. Tunda mu ya mu ne, gara mu yi maganar a fili.

YADDA ABIN YAKE FARUWA

Idan muka ci abinci jiki ya ɗebi amfaninsa, sauran yakan gangara babban hanji. Aikin babban hanji shi ne janye ruwa daga wannan saura. In kashi ya daɗe a can, ko kuwa jiki yana ƙishin ruwa, sai hanji ya yi ta tsotsa har kashin ya bushe ya zama kamar na akuya. Likitoci suna cewa ciki ya ƙulle in mutum bai kai zagawa sau 3 a mako ba, ko yana zagawa amma sai da nishi da yunƙuri, ko ya tashi yana jin bai gama ba.

Shi kuwa basir, asalinsa wasu jijiyoyin jini ne da ke bakin dubura da cikinta. Kowa yana da su, kuma suna taimakawa wajen rufe ƙofar. Yawan yunƙuri da dogon tsuguno su ne ke kumbura su. Na ciki ba ya cika zafi, sai dai a ga jini ja wur bayan an gama. In ya girma sai ya yi tsiro: da fari yakan koma da kansa, daga baya sai an tura shi da yatsa, a ƙarshe ya ƙi komawa sam. Na waje shi ne mai ƙaiƙayi da kumburi, kuma in jini ya daskare a cikinsa ba a iya zama. Akwai kuma tsagewar dubura, wadda busasshen kashi ke jawowa, mai zafi kamar yankan reza. Duk ukun gidansu ɗaya: kashi mai tauri da yunƙuri.

ME YA SA YA FI KAMA MU?

Iyayenmu a ƙasa suke koro shanu daga arewa, makonni suna tafe. Abincinsu fura da tuwon gero da miyar kuka, ga daji fili, duk sa'ad da ciki ya motsa sai a ratse. Mu kuwa a kan tirela muke. Daga Sinkase zuwa Lome ya haura kilomita 600, ta Dapango da Mango da Kara da Sokode da Atakpame, mutum yana zaune ko yana maƙale a saman katako. Wanda ya yi lodi a Fada Ngurma ko Puitenga, nasa zaman ya fi haka, balle a haɗa da jiran takardun duwan a iyaka.

A gida ma zaman ne. Tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka maido mu nan arewacin Lome, kome ya yi nisa da ƙafa. Zuwa kasuwar shanu ta Adetikope sai mota ko zemijan, zuwa kwata haka. In an isa kuma sai benci, daga safe har la'asar ana ciniki.

Sai abinci. Mu dubi guzurin hanya da gaskiya: burodi, shayi mai kauri, tsire, kilishi, gari da sukari, farar shinkafa, sai goro. Nama ba shi da harza ko kaɗan. Abin da muke kira harza a nan shi ne ɓangaren ganye da hatsi da 'ya'yan itace wanda hanji ba ya narkarwa, shi ne ke riƙe ruwa ya sa kashi ya yi laushi. Babban mutum yana bukatar wajen giram 25 zuwa 30 a yini. Wanda ya wuni a kan burodi da tsire bai sami ko rabi ba.

Ga kuma abu biyu da muke yi da gangan. Muna ƙin shan ruwa don kada fitsari ya dame mu a mota. Muna kuma danne bayan gida don direba ba zai tsaya ba, ko don makewayin tasha ba ya shiguwa. Duk sa'ad da aka danne, kashin yana ƙara bushewa, kuma a hankali hanji yakan daina yi wa mutum sallama.

Na ƙarshe, ƙwayoyi. Tramadol da kodin, waɗanda wasu yaranmu ke sha wai don ƙarfin aiki, suna kashe motsin hanji ƙwarai. Ƙwayar ƙarin jini ma takan ɗaure ciki. Mai shan tramadol kullum, cikinsa yakan ci gaba da ɗaurewa muddin bai rabu da ita ba.

Abin mamaki, mu ne gwanayen duba kashin saniya. Da mun ga ya bushe ya yi ƙwallo-ƙwallo mun san dabba ba ta sami ruwa da ɗanyar ciyawa ba, nan da nan mu nemo mata. Ashe wanda ya sayi saniyar bai kai a yi masa haka ba?

ABIN DA ZA MU YI

1. Ruwa. A sha aƙalla lita 2 a yini, wato ledar fiya wata huɗu. Lokacin zafi ko ranar lodi a kai shida. A fara da kofi biyu da asuba kafin shayi. Alamar ya isa ita ce fitsari ya yi fari-fari. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya shi kam ya bi adadin da likita ya yanka masa. Da azumi a raba shan tsakanin buɗa-baki da sahur.

2. Miya da wake. Ba sai an nemo abin Turai ba. Kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyaho, da ademe da gboma na maƙwabtanmu, duk suna nan a kasuwa da araha. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya haura giram 10 na harza. Saboda haka in mota ta tsaya a Sokode ko Kara, a sayi wake da shinkafa ko tuwo da miyar ganye, a bar tsire ya zama ɗanɗano. A riƙa jefa dabino da gyaɗa da lemo a jaka. Gwanda, mangwaro, abarba da jiƙon tsamiya duk suna sakin ciki. A ƙara wake sannu a hankali, don in an yi gaggawa ciki yakan cika da iska.

3. Kada a danne. Hanji ya fi motsi da safe bayan karin kumallo. A ware wannan lokaci kafin a hau mota. Uban tafiya ya yi magana da direba tun a wurin lodi cewa za a riƙa tsayawa. In ana tsayawa don tada saniyar da ta kwanta, tsayawa don mutum ba asara ba ce.

4. Kada a yi yunƙuri, kada a daɗe. Minti biyar ya isa. In bai zo ba a tashi, a sha ruwa, a taka, a koma daga baya. Tsuguno irin namu ya fi zama a kan masai na kujera sauƙin fita. Mai na kujera ya sa ɗan kututture ƙarƙashin ƙafafunsa. A yi tsarki da ruwa a hankali, ban da dirza.

5. Tafiya. Minti 30 a ƙasa kowace rana. A hanya kuma duk inda aka tsaya a sauko a zaga mota.

IN YA RIGA YA TASHI

A zuba ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, a baho mai tsabta, a zauna ciki minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini. Wannan yana rage zafi da kumburi. Don ciwo a sha farasitamol. A guji asfirin da ibuprofen in ana zubar jini. A rage barkono na 'yan kwanaki, ba don shi ne ya kawo basir ba, sai don yana ƙara raɗaɗi wajen fita.

A farmasi akwai masu tausasa kashi irin su Forlax da Duphalac, a tambayi ma'aikacin wurin yadda ake sha. Filasko da ƙwayar Dulcolax suna aiki, amma turo hanji suke yi da ƙarfi, na kwana ɗaya ne ko biyu. Wanda ya mai da su abin kullum ba tare da likita ba yana wahalar da kansa ne. Muna kuma jan kunne a kan ɗurar ruwan barkono da citta ko sabulu ta dubura, wadda ta yawaita nan kudu. Tana ƙona hanji.

Haka nan maganin masu lasifika na tasha, waɗanda ke cewa ciwon baya da kasala da raunin mazakuta duk basir ne. Ba haka ba ne. Mai irin waɗannan alamu ya je a auna masa sukari da hawan jini. Abin da ke cikin kwalaben nan ba wanda ya san adadinsa. Mafi muni shi ne yarda wani ya yanke tsiro ko ya ƙona shi a gida. Jini na iya ɓallewa, ƙofar kuma na iya lalacewa har mutum ya kasa riƙe bayan gida.

LOKACIN DA BA A JIRA

Ba kowane jini ne basir ba. Kansar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin kansa a duniya, kuma da irin wannan jini takan fara sallama. A tafi asibiti idan:

- jini ya wuce mako ɗaya, ko yana zuba da yawa, ko ya gauraya da kashi;
- kashi ya yi baƙi kamar kwalta;
- ana rama, ko jiri, ko idanu da tafin hannu sun yi fari;
- mutum ya haura shekara 45 kuma yanayin zagawarsa ya sauya;
- tsiro ya fito ya ƙi komawa, ko akwai ruwa mai wari da zazzaɓi.

In kuwa ciki ya kumbura, ba kashi ba tusa, ga amai, musamman ga mai gwaiwa, wannan toshewar hanji ce. Kada a ba shi maganin zawo, a kai shi asibiti a daren. A Lome akwai babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, a hanya kuma akwai manyan asibitoci a Kara da Sokode da Dapango.

Kada tsoron wuƙa ya hana mu zuwa. Yawancin basir yana lafawa da gyaran abinci kawai. Wanda ya ƙi, likita kan ɗaure shi da 'yar roba ya bushe ya faɗi cikin kwanaki, ba tare da an kwantar da mutum ba. Sai wanda ya yi nisa ake yi wa aiki, kuma yawanci ɓoyo ne ke kai shi can.

Masu gida, wannan nauyi har da ku. Baƙon da ya sauka da shanu bayan kwanaki a mota, a tarbe shi da ruwa da miyar ganye kafin nama, a kuma gyara makewayin masauki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa yaran mota wannan shafi. Lafiya uwar jiki, kuma sai da ita ake ciniki. Allah ya ba mu lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka, amin.