Gida Ɗaya, Adireshi Huɗu

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da yawa cikinmu za a aika mu makarantun da ke da shafi a intanet, sau da yawa kuwa ƙaramin malami ake danƙa wa kulawa da shi. To, ga wani abu da za ku tarar.

Shafi ɗaya yana iya buɗewa ta adireshi huɗu, watau da www a gaban sunansa ko babu, sa'an nan da http ko https. A idon mutum duk ɗaya ne, amma injin bincike irin Google yana lissafa kowanne dabam. Ku kwatanta da yaron da aka rubuta sunansa sau biyu a rajista, Audu a nan, Abdu a can. Makinsa sai ya rabu, ya koma ƙasan aji, alhali kuwa mai ƙoƙari ne. Haka darajar da shafi ke samu daga waɗansu shafukan da suka yi nuni gare shi takan rarrabu. Google yakan zaɓi adireshi ɗaya da kansa, ba lalle ya zaɓi wanda kuke so ba.

Da fari ku tsai da ɗaya. Batun https ba gardama, gama tun 2014 Google ke ɗan fifita shi, kuma tun Yuli 2018 manhajar Chrome ke rubuta wa shafin http gargaɗi cewa ba shi da tsaro. Uban da ya zo duba sunan ɗansa cikin waɗanda aka ɗauka, in ya ga wannan, zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Amma www, ko ku bar shi ko ku cire, a ganina ba abin ɓata lokaci ba ne.

Sa'an nan ku roƙi kamfanin da ke ajiye muku shafin ya sa umurnin juyawa mai lamba 301 a kan sauran ukun. Ma'anarsa an ƙaura har abada. Kada a sa 302, domin wannan ƙaura ce ta ɗan lokaci. A lura kuma, kowane shafi ya juya zuwa takwaransa. Kada a kwashe duka a zuba su a shafin farko.

Akwai kuma alamar canonical, wadda Google da Yahoo da Microsoft suka yarda da ita a 2009. Ana sa ta a kan kowane shafi ta faɗi adireshinsa na ainihi. Ita shawara ce kawai, inji yana iya ƙin bi, saboda haka ba ta kai 301 ƙarfi ba. Wanda ya karanta cewa ana zaɓen adireshi cikin Search Console, ya sani an cire wannan tun 2019.

In an gama, ku rubuta adireshi huɗun ɗaya bayan ɗaya, ku ga ko duk sun sauka wuri guda. Sakamakon bincike kuwa yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya gyaru.