Darasi Kan Tafiya: Yadda Ake Shirya Gajeriyar Ziyara Zuwa Birnin Akara Ta Jirgin Sama

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A zamanin kakanninmu, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan shafe watanni a hanya, da jakuna da madugu, kafin su isa kasuwar Salaga. Yau mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi yana iya karya kumallo a Kano ya ci tuwon dare a Akara, babban birnin Gana, wanda fatakenmu na da suke kira Ankara. Amma saurin jirgi ba ya rage wa matafiyi aikin shiri. A wannan darasi za mu bi matakan shirya irin wannan ziyara ta kwana biyu ko uku, domin amfanin ɗalibai da malamai da iyayenmu.

Me ya sa muka zaɓi Akara?

Dalili na farko shi ne biza. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, kuma a 1979 ƙasashenta suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, har tsawon kwana 90. Nijeriya da Gana duk suna cikin ƙungiyar. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta fice a watan Janairu na 2025, ita da Mali da Burkina Faso, saboda haka mai nufin Yamai sai ya fara bincikar ƙa'idar da ake bi a lokacin tafiyarsa.

Dalili na biyu shi ne harshe. Turanci ne harshen hukuma a Gana, kuma a unguwannin zango kamar Nima da Mamobi da Sabon Zango za mu ji Hausa a bakin jama'a. Baƙon da ke iya tambayar hanya ya rage rabin wahalarsa.

Mataki na ɗaya: takardu

Kada wanda ya ce tunda babu biza babu takarda. Tarihi ya koya mana darasi a nan. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, cikinsu har da dubban 'yan Nijeriya. A 1983 Nijeriya ita ma ta yi haka, mutanen Gana masu ɗimbin yawa suka koma gida. Zumunci tsakanin ƙasashe gaskiya ne, amma a bakin iyaka takarda ce ke magana.

Abu biyu muke bukata. Na farko fasfo, wanda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa. Ba a yin sa sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo daidai a duka biyun. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. A watan Satumba na 2025 aka mai da kuɗinsu naira 100,000 da naira 200,000. Wanda yake da fasfo tuni ya duba ya ga saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare aiki.

Na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, mai launin ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a idon hukuma sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa. Mu yi allurar da gaske, mu guji sayen katin bogi, domin sauro ba ya duba kati.

Mataki na biyu: hanya da lokaci

A nan ne mu mutanen karkara muka bambanta da mazauna Legas. Su awa ɗaya ce tsakaninsu da Akara. Mu kuwa tafiyarmu hawa uku ce. Da farko mota daga Dutsin-Ma ta Kankiya da Bichi zuwa Kano, ko ta Kurfi zuwa Katsina. Sai jirgin cikin gida zuwa Abuja ko Legas. Sannan jirgin ƙetare. Filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ya fi kusa da mu, amma na Malam Aminu Kano ya fi yawan jirage, wanda ya rasa na safe yana iya samun na yamma. Kano daɗaɗɗiya ce a wannan harka, domin can jirgin sama ya sauka tun 1925.

Ga misalin tsari. Ranar Alhamis da hantsi mu bar gida, mu kwana a Kano, tunda ba ma son dare ya yi mana a hanya. Ranar Juma'a mu tashi zuwa Legas, kimanin awa ɗaya da rabi, daga nan sai Akara. Asabar da Lahadi na ziyara ne. Litinin mu juyo, Talata mu iso gida. Ashe ziyarar kwana biyu kwana shida take ci. Malamin da zai nemi izinin shugaban makaranta ya yi lissafi da wannan.

Abin da ya fi kayar da matafiya shi ne ratar da ke tsakanin jirgi da jirgi. In muka sayi tikiti biyu daga kamfanoni daban, jirgin farko ya yi latti, kamfani na biyu ba ruwansa, kuɗin ya tafi. A Legas kuma tashar jiragen cikin gida daban take da ta ƙetare, sai an shiga mota. Ana so matafiyi ya isa tashar ƙetare awa uku kafin tashi. Saboda haka mu bar ratar awa biyar ko shida. Gara zaman jira da kukan rashi.

Mu kuma lura da yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan hana jirage sauka da tashi a Kano, wani lokaci yini guda. A Akara kuwa ruwan sama ya fi ƙarfi a watannin Mayu da Yuni.

Ga wani abin sha'awa ga ɗaliban labarin ƙasa: agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, domin layin Girinwic ya ratsa ta garin Tema, gabas da Akara. In jirgi ya bar Legas ƙarfe 10 na safe, zai sauka wajen ƙarfe 10 na safe a agogon can. Ran dawowa sai mu biya bashin awar.

Mataki na uku: guzuri da kaya

Kuɗin Gana shi ne sidi. Kafin mu sayi tikiti mu rubuta dukan abin da za a kashe: mota, kwanan Kano, jirage huɗu, masauki, abinci, da wani abu na ko-ta-kwana wanda zai isa ƙarin kwana ɗaya. Mu kama masauki tun daga gida, mu rubuta adireshinsa a takarda, domin jami'an shige da fice sukan tambayi inda baƙo zai sauka.

Tafiyar kwana biyu ba ta bukatar babban akwati. A jakar hannu ba a yarda da wuƙa ko almakashi ba, kuma duk wani abu mai ruwa, turare ko man shafawa, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Fasfo da magani da batirin cajin waya su zauna a jakar hannu.

Gargaɗi mafi girma

A garuruwanmu ba a ƙin karɓar saƙo, kunya ce. To, a filin jirgi wannan kunyar tana iya kai mutum kurkuku. Kada mu karɓi ƙunshi ko jaka daga hannun kowa, ko da ɗan'uwa ne, sai an buɗe mun ga abin da ke ciki da idonmu. In jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi suka sami wani abu, mai sunan da ke jikin jakar za su kama. "Ba ni aka yi" ba ta fid da kowa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ji masu iya magana, amma rigakafi ya fi magani.

Abin da za mu gani

Ranar farko mu ziyarci lambun tunawa da Kwame Nkrumah, wanda ya jagoranci Gana zuwa 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, sannan Dandalin 'Yanci da ke bakin teku, da tsohuwar unguwar Jamestown mai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya. Ga yawancinmu ganin teku kansa darasi ne, don ruwan da muka saba gani bai wuce na madatsar Zobe ba. Rana ta biyu mu shiga kasuwar Makola, mu ƙarasa Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, mu gaisa da jikokin fatake. Mu nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, mu tuna cewa da halinmu za a auna ƙasarmu.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne takardu biyu ne ɗan Nijeriya ke bukata kafin ya shiga Gana?
2. Jirgi ya bar Akara ƙarfe 2 na rana, ya yi tafiyar awa ɗaya. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Legas?
3. Yaya za mu ƙi karɓar saƙon dattijo ba tare da mun ɓata masa rai ba? Ku tattauna a aji.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.