Hanyoyi Biyu Na Fiɗar Ciwon Dajin Tumbi

A shekarar 1881 wani likita mai suna Theodor Billroth, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya yanke ɓangaren tumbin wata mata mai ciwon daji, ta kuwa tashi daga tiyatar. Daga nan har fiye da shekara ɗari, sai an tsaga ciki da tsawo kafin a kai ga tumbi. Yau akwai hanyoyi biyu da ba sa bukatar doguwar tsaga. Bari mu duba su.

Ta farko ana kiranta laparoskopi. Likita yakan yi 'yan ƙananan huji, kamar biyar, a bangon ciki. Sai a hura iska domin ciki ya buɗe, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana yanka. Seigo Kitano na Japan ya ba da rahoton yin wannan aiki a kan tumbi a 1994. Jini kaɗan ke zuba, majiyyaci kuma yakan tashi da wuri.

Ta biyu ita ce ta mutum-mutumi. Mafi shahara shi ne da Vinci, wanda Amurka ta amince da shi a 2000. Kada sunan ya ruɗe ku, gama na'urar ba ta yin kome da kanta. Likita ne ke zaune a gefe yana juya hannuwanta. Kan kayan aikinta yana lanƙwasawa kamar wuyan hannu, tana kawar da rawar hannu, tana kuma nuna zurfin wuri. Wannan yana da amfani, domin ba tumbi kaɗai ake cirewa ba. Dole a kwashe ƙwayoyin kaluluwa da ke manne da manyan jijiyoyin jini, inda ciwon ke fara yaɗuwa.

To, wacce ta fi? Mutum-mutumi yakan rage zubar jini, amma aikin yakan ɗauki lokaci, kuɗinsa kuma ya fi yawa ƙwarai. Japan ba ta sa shi cikin inshorar lafiya ta ƙasa ba sai 2018. Game da tsawon rai bayan fiɗa, bincike bai nuna babban bambanci tsakaninsu ba.

Abin da ke kawo babban bambanci shi ne lokacin da aka gano ciwon. A Koriya ta Kudu ana leƙa tumbin mutane duk shekara biyu daga shekara 40, saboda haka ana kama yawancinsa tun yana ƙarami. Idan ya riga ya yaɗu zuwa hanta, babu na'urar da za ta iya kwashe shi duka.

Saboda haka, ɗalibai, idan wani babba a gida ya daɗe da ciwon ciki, yana ramewa, yana ƙoshi da loma kaɗan, ko kashinsa ya yi baƙi, kada a ce olsa ce kawai a ci gaba da shan magani. Ku roƙe shi ya je asibiti a duba shi.