Mamman Abubakar Ɗanmusa da Majalisar Dokokin Kaduna

A Jamhuriya ta Biyu, wadda ta fara a watan Oktoba na 1979, an zaɓi Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ɗan majalisar dokoki ta tsohuwar Jihar Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar NPN, takwarorinsa kuma suka ɗora shi a kujerar kakaki. A wancan lokaci ƙasar Katsina, inda garin Ɗanmusa yake, tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ba ta jiharta.

Zaɓen ya haifar da wani yanayi mai wuyar sha'ani. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne, alhali NPN ke da rinjaye a majalisa. Tsarin mulkin 1979 ya tanadi cewa ba a naɗa kwamishina sai da amincewar majalisa. Gwamna ya yi ta miƙa sunaye, majalisa tana mayar masa da su, har ya shafe kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishinoni. Daga ƙarshe, a ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisar da Ɗanmusa ke jagoranta ta tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya.

Har yau ana saɓani kan wannan mataki. Magoya bayan NPN sun ce doka aka bi, 'yan PRP kuwa suna ganin ƙarfin rinjaye ne kawai aka nuna wa gwamnan talakawa.

Aiki: Wane iko majalisa ta yi amfani da shi kafin ta kai ga tsigewa?