Ƙusa, Waya da Batir: Yadda Malami Zai Haɗa Tangaraho a Aji

Da yawa daga cikinmu, in mun gama kwas ɗin nan, makarantun da za a tura mu ba su da ɗakin gwaje-gwaje, ba su da ko akwatin kayan kimiyya. Abin da kan faru a irin waɗannan wurare shi ne malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafe, su haddace, su zube shi ran jarrabawa, kāna su manta. Yaro ya fita firamare yana iya faɗin ma'anar lantarki, amma bai taɓa ganin aikin da ya ke yi ba. To, ga darasi guda wanda ƙusa, da waya, da batirin tocila sun isa a yi shi, watau mayen ƙarfe na lantarki da tangarahon da a ke haɗawa da shi.

Asalin abin

A shekarar 1820 wani shaihin malami a ƙasar Danmak, wai shi Oersted, ya lura in aka bi da lantarki ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita sai ta karkace. Nan aka gane lantarki mai gudu yana haifar da ƙarfin maganaɗisu. A 1825 wani Bature na Ingila, William Sturgeon, wanda ya fara da koyon dukanci kāna ya shiga soja, ya nuna wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya naɗe da waya sau 18. Nauyin ƙarfen oza 7 ne kurum, amma da aka haɗa shi da batir ya ɗauki laba 9. Da aka cire batir kuwa, sai ya saki kayan.

Wanda ya ƙara ciyad da abin gaba malamin makaranta ne kamarmu, Joseph Henry, a garin Albani ta Amurka. Shi ya lulluɓe wayarsa da siliki, don ya iya naɗa ta bisa juna sau da yawa ba tare da ta taɓa kanta ba. A 1831 ya zagaya waya mai tsawon mil guda cikin makarantarsu, ya buga ƙararrawa daga ɗaya ƙarshen. A kan wannan tushe Samuel Morse ya aika da saƙo daga Washinton zuwa Baltimo, tafiyar wajen mil 40, ran 24 ga watan Mayu, 1844.

Kayan da za a nema

Ƙusa mai inci 4 ko 5. Siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi, kamar yadi 5, wadda a kan samu wurin masu gyaran rediyo ko masu naɗin fanka. Batirin tocila biyu. Ƙananan fil na ɗinki. Gwangwanin madara ko na tumatir. Guntayen katako biyu. Almakashi da reza. A kula, gwangwanin lemon kwalba na zamani yawanci na alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi.

Gwaji na fari

A kankare bakin wayar duka biyu da reza har jan ƙarfen ya fito fes. Nan ne mutane su ka fi yin kuskure, gama rufin wata wayar kamar fenti ya ke, ido ba ya rabe shi da ƙarfen, kuma lantarki ba ya ratsa shi. Sa'an nan a naɗa wayar jikin ƙusa sau 25, ana bin gefe guda, kada a juya baya. Tun ba a haɗa batir ba, a sa yaro ya tsoma bakin ƙusar cikin fil, kowa ya ga ba ta ɗauki kome ba. A haɗa batir, a sake tsomawa, a ƙidaya fil nawa ta ɗauko, a rubuta a allo. A ƙara naɗin ya kai 50, kāna 100, kowane karo ana ƙidayawa.

Kada a yanke wayar tsakanin gwaji da gwaji. A bar tsawonta yadda ya ke, abin da ba a naɗa ba ya yi ta reto. Dalili kuwa shi ne in an gajarta waya lantarkin da ke bi ta cikinta zai ƙaru, sai ya zama abu biyu a ka canja lokaci guda, ba a san wanda ya jawo bambancin ba. Wannan ka'ida ta canja abu ɗaya tak a kowane gwaji ta fi ƙusar kanta amfani ga yara.

Malami ya danne zuciyarsa, kada ya riga yara faɗin sakamakon. Ya nuna lambobin da ke allo, ya tambaye su me su ka gani. Su da bakinsu za su ce yawan naɗi shi ke ƙara ƙarfi. Abin da yaro ya gano da kansa da wuya ya manta shi.

Watakila bayan an cire batir fil ɗaya ko biyu su maƙale. Ƙusa tana riƙe ɗan burbushin maganaɗisu ne, musamman in ƙarfenta mai tauri ne. Maganinsa a kai ta wurin maƙeri ya gasa ta har ta yi ja, a binne ta cikin toka ta huce sannu a hankali. Ƙarfen da a ka yi wa haka yana saurin kamawa, yana saurin saki.

Haɗa tangarahon

A kafa ƙusar tsaye bisa katako, kanta yana sama, a naɗe ta sau 200 ko fiye. A yanko falle daga gwangwani, faɗinsa rabin inci, tsawonsa inci 5. A kafe gefe guda jikin katakon, a lanƙwasa shi har ɗaya gefen ya tsaya bisa kan ƙusar, tsakaninsu kaurin tsinken ashana. A kafa wata ƙusa kusa, a tanƙware kanta bisa fallen, don in ya koma sama ya buge ta. Wannan shi ne mai karɓa.

Bisa katako na biyu a kafa gajeriyar ƙusa, a kafe wani falle yadda in an danna shi zai taɓa kanta, in an sake shi ya tashi. Wannan shi ne madanni. A haɗa su haka: daga kan batir zuwa fallen madanni, daga ƙusar madanni zuwa bakin naɗi guda, daga ɗaya bakin naɗin a komo gindin batir. In an danna, lantarki ya sami hanya, ƙusa ta jawo falle, a ji ƙas. In an saki, a ji wani ƙas ɗin.

Ɗan lokacin da ke tsakanin ƙarar biyu shi ne harafi. In gajere ne, ɗigo ke nan. In dogo ne, zare. A haruffan Morse, E ɗigo ɗaya ne, T zare ɗaya, A ɗigo da zare, N zare da ɗigo, S ɗigo uku, U ɗigo biyu da zare. Da waɗannan ma yara sun iya aika SANNU. A ƙara tsawon wayoyi, a fitad da madanni bayan aji. Za a ga ƙarar ta yi rauni, don doguwar waya tana rage gudun lantarki. A jera batir na biyu, kan wannan a gindin wancan, ƙarfi ya komo. Matsalar da su Henry su ka yi fama da ita ke nan, ga ta a gaban yara.

Gargaɗi

Ba a haɗa wannan abu da wutar gida ko kaɗan, gama tana kisa. Haka kuma ban da batirin mota, da na babur, da na wayar hannu, don suna iya ƙona waya ko su kama da wuta. Ko da batirin tocila ne, kada a bar shi haɗe fiye da ɗan ƙiftawa kaɗan, waya za ta yi zafi, batir ya mutu. Bakin gwangwani yana da kaifi, malami shi zai yanka, ya kuma dasashe gefen da dutse.

Tangaraho dai ya zama tarihi, amma naɗin wayar nan yana nan cikin fanka, da lasifika, da injin ban ruwa, da ƙananan injunan da ke motsa hannuwan mutum-mutumi a masana'antu. Yaron da ya gane ƙusarsa ya riga ya riƙe bakin zaren duk waɗannan. Saboda haka kowane ɗalibi ya haɗa nasa tun muna nan kwaleji, ya gwada shi har ya san inda ya kan ƙi, ya sa shi cikin akwatinsa kafin a fita koyarwar gwaji. Allah ya ba da sa'a.