Yadda Ake Kankare Tsohon Fenti Daga Ƙyaure Da Kujeru

Ƙyauren katako mai kyau yakan daɗe fiye da fentin da aka shafa masa. Idan fenti ya tsufa, sai ya tsage ya riƙa ɓamɓarewa. Wasu sukan shafa sabo a kan tsohon. Wannan asarar kuɗi ce, domin sabon zai bi tsohon ya zube. Sai an kankare tukuna.

Amma akwai hatsari. Wasu tsofaffin fenti na mai, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Dalma guba ce. Ba a gane ta da ido. Idan ƙurarta ta shiga cikin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. A can daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta fito. Ta cikin fenti ma gubar ɗaya ce. Saboda haka kada a ƙona fenti da wuta, kada kuma a goge shi a bushe har ƙura ta tashi.

A cire ƙyauren a fitar da shi waje, nesa da madafa da rijiya. A shimfiɗa buhu ko leda a ƙasa. Yara da mata masu ciki su yi nisa da wurin.

Idan banish ne mara kauri, a yayyafa ruwa, a kankare da faffaɗar wuƙa. A bi tsawon katakon, kada a gitta shi.

Fenti mai kauri kuwa sai da soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. A zuba ruwa lita 1 a bokitin roba. A zuba soda babban cokali 5 a cikin ruwan, kaɗan-kaɗan. Sodar ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kan soda ba, domin tana zafi tana fantsama. Kada a haɗa a tukunyar alminiyam, soda tana cin ta. A dama sitaci a haɗa don ya yi kauri ya kama jikin katako. A shafa, a bar shi kamar minti 30. Fentin zai yi laushi, sai a kankare.

Mai aikin ya sa safar hannu ta roba, ya kare idonsa da tabarau. Idan soda ta faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa har minti 20, sannan a tafi asibiti. Wannan haɗin yana kama da koko, garin sodar kuma yana kama da sukari. Kada a ajiye su inda hannun yaro zai kai ko na ɗan lokaci.

Soda takan sa katakon maɗaci ya yi duhu, tana kuma ɓamɓare falankin da aka manna da gam. A fara gwadawa a bayan kujera.

Bayan an gama, a wanke katakon da ruwa, a bi da ruwan tsamiya ko na lemun tsami don ya kashe ƙarfin sodar. A shanya a inuwa kwana 3 ko fiye, domin rana takan tsaga shi. A tattara ɓawon fentin a ƙulle a leda, a binne nesa da gona da rijiya. Mai aikin ya yi wanka, ya wanke tufafinsa daban, kafin ya ci abinci ko ya ɗauki yaro.